Biskit da Motar Tafi-da-gidanka

Zuwa ga autata Hannatu,

Ina gaishe ki da kyau cikin sunan Ubangijinmu Yesu, ke da maigidanki Iliya. Ina fata kuna lafiya, aiki kuma da sauƙi. Ubangiji ya tsare ku daga mugun ji da mugun gani, ya sa wannan tafiya da kuka ɗaura wa niyya ta zama ta alheri, ku je da ƙafafunku ku dawo da ƙafafunku. Ni lafiyata ƙalau, sai dai gwiwa, ita kuwa kin san halinta.

Na san za ki yi dariya idan kin ga takarda. Uwa tana unguwar Glenwood, 'ya tana bayan titin Gate City, duk a cikin Greensboro, tafiyar da ko ruwan shayi bai isa ya tafasa ba, amma sai an rubuta wasiƙa kamar wadda take Kafanchan. Ki yi dariyarki. Na san abin da yake faruwa idan na kira ki a waya. "Oke Mama, oke Mama," kina faɗa kina danna wani abu da ɗaya hannun, kafin in ajiye kin manta. Ki sa wannan takarda a aljihun motar, ki riƙa dubawa.

Maganar karenmu Biskit ce. Kin karɓi aikin jinya na yawo, wasu watanni a wannan asibiti, wasu a wancan, kun sayi ƙatuwar motar nan mai gado da kicin da banɗaki da kuke kira Arbi, ni kuwa nake ce mata tafi-da-gidanka. Ni ma ga shi mai gidan da nake haya ya sayar da gidan, zan koma ɗakin da aka samo mini a bene, inda ba a yarda da kare ba ko a hoto. Saboda haka Biskit ba shi da wurin zuwa sai cikin motarku. Idan bai zauna a cikinta ba, to ba shi da ko'ina.

Ba zan ɓoye miki abin da na ji ba. Ranar Lahadin da kuka zo cin tuwo bayan sujada, Iliya ya fita baranda yana waya da ƙanensa. Ya ɗauka ina kicin, kuma a kicin ɗin nake, amma tagar a buɗe take. Da kunnena na ji ya ce, "Za mu gwada shi dai, amma in ya ci gaba da wannan kukan har mu kai Arizona, gaskiya shelta za mu kai shi. Ai kowane gari akwai." Sai ya yi dariya. Da ya shigo ya rusuna ya ce, "Mama, sannu da aiki, miyar nan ta yi." Na ce yawwa, na ƙara masa nama. Suruki ne, ba zan buɗe baki in tare shi da magana ba, ba haka aka rene ni ba. Ke kuwa ni na haife ki, dole ki ji.

Daga irin wannan gidan da ya ambata, inda ake tara karnukan da masu su suka gaji da su, kika ɗauko Biskit lokacin kina jami'a, ɗan ramamme mai kunne ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. Kin tuna abin da na ce? Na ce a garinmu kare a waje yake kwana, ƙanzo yake ci, kuma ba a sa masa sunan abin shan shayi. Ba a yi nisa ba kika tafi makarantar jinya kika bar mini shi wai na ɗan lokaci. A cikin ɗan lokacin nan har babanku ya rasu. Yanzu Biskit nake fara ce wa ina kwana. Tun farkon zuwansa na lura da abu ɗaya: da ya ji an murɗa makullin mota sai jikinsa ya hau ɓari. Babu wanda ya ba ni tarihinsa, amma ina zargin waɗanda suka fara riƙe shi a mota suka sa shi, suna masa murmushi, suka je suka ajiye shi suka juya. A wurinsa duk wanda ya sa shi a mota yar da shi zai yi. Da wannan za ki yi fama, ba taurin kai ba ne.

Na taɓa yin doguwar tafiya da shi a irin wannan mota, shekarar da babanku ya aro ta wani dattijon ikilisiya muka tafi taron 'yan gida a jihar Jojiya, ke kina tsakiyar jarrabawa. An ce in kai shi inda ake ajiye wa matafiya karnuka. Na je na leƙa, na ga yarinyar wurin tana fara'a fiye da kima, ta kuma hana ni ganin ɗakin baya, na ce a'a, da abina zan tafi. Da muka dawo kika tambaye ni, na ce lafiya muka je lafiya muka dawo. Ban yi ƙarya ba, taƙaitawa na yi. Ga sauran.

Biskit bai taɓa ganin motar ba sai safiyar tafiya. Na ja shi da igiya, ya kafe ƙafafu a bakin matakala, na ɗaga shi cak na tura ciki na rufe ƙofa. Ki duba fa, ko ni aka yi wa haka ai sai na yi ihu. Saboda haka kada ki jira ranar. Tun yanzu ki riƙa kawo motar ƙofar gidan nan ki faka, ki bar ƙofa a buɗe, ki zauna a ciki kina abinki kamar ba ki san da shi ba. Zai zo ya shinshina taya, ya koma, ya sake zuwa. Kada ki kira shi da siririyar muryar nan da kike yi masa, ya san ta, ita kike yi idan za a je allura. Ranar da ya hau da kansa ki ba shi abincinsa a ciki. Idan ya saba da ci a ciki, sai a tada inji ba tare da an motsa ba. Bayan nan ku zaga unguwa ku dawo, wani karon ku je filin da yake son gudu, don ya gane akwai motar da take kai shi wuri mai daɗi ta kuma dawo da shi gida. Iliya zai ce babu lokaci. Akwai. Lokacin da yake ɓatawa yana goge tayoyin nan ma ya isa.

Wajen abinci kuwa tarbiyya ce ta cuce ni. Mu ba ma barin matafiyi ya fita da ciki wayam. Kakarku ko Kagoro za ka leƙa sai ta cika ka da tuwo ta kuma ƙulla maka gyaɗa a bakin zani. Don haka da sassafe na tuƙa tuwon masara, na kaɗa kuka, na zuba wa babanku, na zuba wa kaina, na dubi Biskit na ce ai shi ma matafiyi ne. Na cika masa kwano har da tsoka. Ko High Point ba mu wuce ba ya dawo da shi duka a kan kafet ɗin mutane. Babanku ya tsaya a gefen titi, motoci na wucewa fuu, ni ina durƙushe da tsumma, shi yana tsaye a kaina yana cewa, "Rifkatu, wa ya ce miki kare yana guzuri?" Daga baya likitan dabbobi ya gaya mini albasa da tafarnuwar da muke sa wa miya ma cutar da su suke yi. To ki ji. Abinci kaɗan, irin nasa da ya saba, tun da sauran lokaci sosai kafin ku tashi. Babban ci sai an sauka. Ruwa kuwa duk inda kuka tsaya ki ba shi. Kada ki canja masa abinci a hanya don kin ga wani buhu mai hoton kare yana dariya. Ki kuma sa ido a kan Iliya da soyayyen dankalinsa. Na ga yana jefa masa ta ƙarƙashin tebur, ban sani ba ko so ne ko neman dalili.

Sai wanki. Kin san tsohon zanina mai ruwan ƙasa da na daina ɗaurawa, wanda Biskit yake kwana a kai. Ana gobe tafiya na dube shi na ce wannan abin kunya ba zai shiga motar dattijo ba, kada a ce matar Yakubu ƙazama ce. Na jiƙa shi, na cuɗe shi da sabulu mai ƙamshi, na shanya, har guga na yi masa. Da na shimfiɗa masa a mota ya shinshina ya kau da kai kamar bai taɓa ganinsa ba. Abu ɗaya tak da ya sani a cikin wannan baƙon ɗaki, ni da hannuna na cire masa. Abin da nake kira wari, shi warin gida yake ji. Can a hanya na same shi ya cusa kai cikin kwandon kayan dauɗa ya kwanta a kan singiletin babanku, nan ne kawai ya ɗan yi shiru. Wannan karon na bar zanin yadda yake, na haɗa da ɗankwalin da nake shiga kicin da shi, zan ba ki su a leda. Kada ki wanke. Na san ki da tsabtar asibiti, komai sai kin fesa masa magani. Ki toshe hancinki ki bar su.

Tun da ana maganar hanci, ban yarda da Baturen Summerfield ɗin nan da ya sayar muku da motar ba. Ranar da kuka kai ni gani, ƙamshi ne ya fara tarbar mu tun daga matakala, an rataye ɗan kwalin turare a kowane lungu. Mutum ba ya zuba turare haka sai yana rufe wani abu. Na tambaye shi ko ya taɓa ajiye dabba a ciki, ya ce sam, alhali ga gashin kyanwa a ƙasan kujera ina kallo. Ku kuna can kuna yaba firij. Ki cire kwalayen nan duka, ki ɗaga katifa, ki wanke ƙasan da ruwan ɗumi, ki bar tagogi a buɗe iska ta ratsa. Abin da hancinki bai kama ba na Biskit zai kama, kuma ba shi da hanyar gaya miki sai kuka.

Da ya ƙi yin shiru a hanyar Jojiya, na ɗauke shi na ɗora a cinya, ina jijjiga shi ina cewa, "Sannu, wayyo Biskit, sannu," kamar mai zaman makoki. Ƙara rikicewa ya yi, don ya ji muryata ta canja, ya tabbata lallai akwai masifa. Da na gaji na daka masa tsawa, abin ya ƙara lalacewa. Ana cikin haka wata tirela ta sha gabanmu, babanku ya taka birki, Biskit ya suɓuce daga hannuna ya bugu da gaban mota. Ubangiji ne ya tsare, bai karye ba, bai kuma faɗa ƙarƙashin ƙafar direba ba. Ki sa shi a kejinsa, wanda yake kwana a ciki a nan gida, ba sabo ba. A ɗaure kejin da kyau yadda ba zai zame ba, kusa da bayan kujerarki inda zai ji motsinki, ba can ƙuryar baya ba inda mota ta fi girgiza. Ki yafa mayafi ta gefen taga don kada ya riƙa ganin manyan motoci suna wucewa, amma ki bar masa hanyar iska. Ki yi masa magana yadda ake yi masa kullum, kuma da Hausa, don ni na rene shi. "Kwanta" ya sani, "zo nan" ya sani, Turancinku sai dai ya kalle ku. In ba haka ba ki yi ta hirarki da mijinki, ya ji duniya tana nan yadda take. Tukwane da cokula kuma ki naɗe su da tsumma. Ƙarar da suke yi a kabad ni kaina ta sa mini ciwon kai, balle mai irin kunnensa.

Ki koyi gane shi tun kafin ya kai ga kuka. Idan yana hamma ba barci ba, yana lasar baki, yawu na zuba, yana haki alhali babu zafi, to ya fara. Nan ne za ki ce a tsaya, ya sauka ya taka ƙasa, ya yi fitsari, ya shinshina ciyawa. Na san maza da tuƙi, sai su ce bari mu ƙara gaba kaɗan, babanku ma haka yake. Ki ce ke ce kike jin fitsari.

Amma tsayawar ma da nata haɗarin. A wani gidan mai babanku ya sauka shan mai, ni kuma na buɗe ƙofar gefe don in sha iska, ban sa wa Biskit igiya ba. Kafin in ƙifta ido ya bi ta tsakanin ƙafafuna ya arce, ya nufi babban titi. Babanku ya bi shi a guje da kaftaninsa yana ƙwala kira, Turawa sun saki baki suna kallo, shi kuwa da ya ga ana bin sa sai ya ƙara wuta. Ni kuwa na zauna daɓas a ƙasa. Ba dabara ba ce, tsoro ne ya zaunar da ni. Sai ga shi ya tsaya, ya waiwayo, ya ga ina zaune, ya dawo yana jan ciki ya shige jikina. Igiya kafin ƙofa, Hannatu, ko da leƙawa kawai za a yi. Idan kuma ya kuɓuce kada a bi shi, ki tsuguna ki kira shi a hankali.

Lambar wayar da ke wuyansa ki sa a canja ta zuwa taki. Amma ɗan abin nan da likita ya sa masa a ƙarƙashin fata, wanda ake haska wa na'ura a ga mai kare, na ƙara sunanki a kai, ban cire nawa ba, kuma ba zan cire ba. Duk gidan da aka kai shi a ƙasar nan aka ce wai tsintar sa aka yi a hanya, ni za a fara kira. Ki san yadda za ki yi wannan magana ta kai kunnen Iliya, ba sai kin ce daga bakina ta fito ba.

Anti Laraba ta zumuntar mata kin san ta, babu ciwon da ba ta da maganinsa a jaka. Da muka haɗu a wurin taron na ba ta labarin wahalar da muka sha, ta ce, "Haba Mama Rifkatu, wannan ai simpul ne. Ga ƙwayar barcina, ki ɓalli rabi ki tura masa cikin nama, ba za ki ƙara jin ɗuriyarsa ba har Greensboro." Na karɓa, amma zuciyata ba ta kwanta ba, sai na ce bari in gwada tun muna sauke. Allah ya so ni da na yi haka. Biskit ya tashi yana tangaɗi kamar wanda ya wuni gidan burkutu, ido jajir, bai gane ni ba, yana ta kuka a hankali. Sai da muka nemi likitan dabbobi a garin da ba mu san kowa ba, ya kuwa wanke ni tas, ni da furfurata. Ke ma'aikaciyar jinya ce, shi ya sa na fi jin tsoronki, don za ki ga kamar kin san awo. Mutane kika karanta, ba karnuka ba. Ki kai shi wurin likitansa kafin ku tashi, ki faɗa masa gaskiyar yadda yake yi. Idan ya rubuta magani, na amai ko na tsoro, ki gwada a gida tukuna ki ga yadda zai karɓe shi. 'Yan kwalaben nan da alawar kwantar da hankali da ake jerawa a kanti, da masu bidiyo a waya da karnukansu da ba sa ko motsi, ban yarda da ko ɗaya ba sai likita ya ce. Wa ya sani ko sun ba karen wani abu kafin su kunna kyamara?

Akwai kuskuren da ban yi ba amma nake jin tsoron ku za ku yi, wato barin sa shi kaɗai a mota da rana. An ce inda za ku zafinsa ya fi na Sakkwato. Za ki tafi asibiti, Iliya zai ce bari ya leƙa kanti ya dawo, ai na'urar sanyi tana aiki. Ku da kuka girma a nan kun yarda da lantarki fiye da yadda kuka yarda da mutane. Mu da muka tashi inda ake ɗauke wuta ana tsakiyar guga mun san halinta. Idan ta ɗauke, motar nan gwangwani ce a kan murhu, kuma abin ba ya ɗaukar lokaci. Ku faka a inuwa, ku tafi da shi idan da hali, in babu hali wani ya zauna. Maƙwabtan da za ku samu a wurin fakawa su ce ki bar shi za su duba miki, ki gode musu da murmushi, amma kada ki ba da makulli ga wanda jiya kika fara ganinsa.

Kada ki ce na tsani mijinki. Yaro ne mai ladabi, yana riƙe ki da kyau, ranar jana'izar babanku shi ya tsaya a kan komai. Sai dai a kan Biskit ban gane inda ya dosa ba. A gabana yana shafa kan karen, idan na juya sai in hango shi yana goge hannu a wando. Mai yiwuwa tsoro ne, an ce kare ya taɓa cizon sa yana ƙarami, shi kuwa namiji ba zai faɗa ba. Ko ma mene ne, ki mayar da ciyarwa hannunsa. Shi zai zuba abinci, shi zai fita da shi yawon safe a lokacin da ya saba, ko a wane gari kuka wayi gari. Ni ma ta nan aka kama ni, ina zuba masa abinci ina masa tsaki har na wayi gari ina masa hira. Ki kuma roƙe shi ya ba karen lokaci, don kwanakin farko za su yi muni ko da kin yi duk abin da na faɗa.

Na bar mafi nauyi a ƙarshe, don na yi ta juya shi a raina ban so in rubuta ba.

Safiyar da muka tashi zuwa Jojiya, zumuntar mata ta zo rakiya. Su a bas za su biyo mu washegari, amma suka ce ba za a bar babanku ya ja irin wannan mota ba addu'a ba. Suka kewaye ta da tulun kiɗa da caki, aka yi waƙa har ɗaliban da ke maƙwabtaka da mu suka leƙo ta taga. Anti Laraba ta ɗora hannu a kan bonet tana tsawata wa ruhun haɗari da iyakar muryarta, kowa yana amin. Ni kuma, ban san abin da ya same ni ba, na fashe da kuka ina rungumar mutane kamar wadda za ta haye teku. Biskit yana ciki yana kallon mu ta gilashi. Kafin babanku ya murɗa makulli karen ya riga ya jiƙe kujera.

Da za mu dawo kuwa babu wanda ya raka mu. Ana cikin zaman safe muka sulale, babanku yana gudun cunkoson hanya. Ba waƙa, ba kuka, ba sai wata rana. Biskit ya yi 'yan koke-kokensa, ya juya, ya kwanta, bai farka sosai ba sai da muka shigo Gate City. Babanku ya dube shi ya dube ni ya ce, "Ashe ku yake tsoro fiye da motar." Na harare shi, amma na san gaskiya ya faɗa.

Na ji Anti Laraba ta fara haɗa mata don ranar tafiyarku, har an soma maganar anko. Na je na same ta. Na ce addu'a a yi ta a coci ranar Lahadi, a ɗora muku hannu a gaban ikilisiya, Biskit yana gida. Ta riƙe baki ta ce, "Mama Rifkatu, autarki guda za ta bar gari ba rakiya? Me mutane za su ce?" Na ce su faɗa.

Abin da ban gaya mata ba shi ne ni ma ba zan zo ba. Karen nan fuskata yake kallo ya san abin da ake ciki. Tun da na fara ɗaure kwalaye ya rage cin abinci, duk ɗakin da na shiga yana bayana. Idan na tsaya a bakin titi ranar nan ba zan iya riƙe hawaye ba, na san kaina, shi kuma zai gani ta gilashi ya gane wannan tafiyar ba ta zaga unguwa ba ce. Zai yi ta kuka har Tenesi, Iliya kuma ya sami dalilinsa tun ranar farko. Ba zan ba shi ba.

Ranar da na bar Kafanchan, kakarku da ciwon ƙafarta ta bi motarmu har bayan gari tana ɗaga hannu, sai da kwana ta raba mu. Na san abin da rakiya take nufi, kuma na daɗe ina hango ranar da zan yi miki taki. Zuciyata tana ciwo, Hannatu, ba zan ɓoye ba. Amma ga yadda za a yi. Ni da ke mu yi sallamarmu a coci, in rungume ki in yi kukana a can in gama. Ranar tafiya ki zo da safe kamar yadda kika saba zuwa ɗaukar Biskit yawo, makulli yana inda kika sani. Ni na riga na hau bas na tafi kantin Alhaji mai kayan abincin gida sayen daddawar da ba na bukata. Kada ki kira ni a waya yana ji, kada ki tsaya leƙa ɗakuna, ki sa masa igiya ku fita. Idan kun hau hanya kuma kada ki ce wa Iliya ya biyo ta gaban kantin don ki ɗaga mini hannu. Ina can ciki wajen buhunan shinkafa, na ba titi baya.

Ubangiji ya riƙe hannun Iliya a kan sitiyari, ya ƙara masa haƙuri. Ya ba ki ƙarfin aiki, ya sa albarka a hannunki ga duk marar lafiyan da kika taɓa. Ya kwantar da zuciyar wannan halitta tasa mai ƙafa huɗu, ya ba shi barci a hanya. Ya ɗauke ku lafiya, ya sauke ku lafiya, ku ukun. Ki gai da Iliya da kyau. Idan kun isa ki turo mini hoto, in ƙirga ku.

Mahaifiyarki,
Rifkatu